Ku Tambaya Mu Amsa: Hoton Tauraro, Hoton Labo da Zuwa Taron Masana

Wasiƙun wannan fitowa daga ɗaliban master da doktora suka zo, galibinsu na Damagaram da kewaye, kuma duk masu bincike da hoto ne: na tauraron ɗan'adam, na madubin labo, na asibiti. Malamai biyu suka haɗa amsoshin, ɗaya na fannin taswira, ɗaya na fannin hoton lafiya. Mun taƙaita wasu wasiƙun, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum malamai, Allah ya ƙara basira. Ina shekara ta biyu ta master, memwar ɗina, wato kundin bincikena na kammala karatu, a kan gawo ne a gonakin Matameye da Magarya. Ina so in ƙirga itatuwan da hoton tauraron Sentinel-2 tunda kyauta ne, sai malamina ya ce ba ta yiwuwa. Ina gaskiyar take? (Ɗalibi daga unguwar Garin Malam)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malaminka na da gaskiya, kuma lissafin ba wuya. Hoton tauraro ƴan murabba'ai ne a jere, kowanne ana ce masa fiksel, kuma lamba ɗaya tak yake ɗauke da ita a kowane zangon haske. A Sentinel-2 fiksel mafi ƙanƙanta mita 10 ne a kan 10, wato murabba'in mita 100. Na tauraron Landsat mita 30 a kan 30, murabba'in mita 900. Babban gawo mai faɗin kai mita 10 abin da ya rufe bai wuce murabba'in mita 79 ba, bai ko cika fiksel ɗaya ba. Ɗan ƙaramin da manomi ya bari a sassabe, mai faɗin mita 2, murabba'in mita 3 ne cikin 100, sauran duk rairayi da karan hatsi. Lambar da tauraro ya ba ka gauraye ce ta su duka.

Masu ƙirga itace ɗaya-ɗaya daga sama da hoto mai fiksel na rabin mita suke aiki. Da irinsa Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa suka ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, aikin da ya fito a mujallar Nature a 2020. Hotunan nan na saye ne, ɗalibi ba ya iya su da aljihunsa.

Saboda haka ka sauya tambayar binciken. Maimakon "gawo nawa ne", ka tambayi "kashi nawa na fili itatuwa suka rufe, kuma ya ƙaru ko ya ragu". Wannan Sentinel-2 na iya amsa ta in ka ɗaure ta da awon ƙasa. Ka ware filaye 40 zuwa 60, kowanne hekta ɗaya, a warwatse cikin yankin, ba na bakin hanyar mota kaɗai ba. A kowane fili ka rubuta irin itace, ka auna faɗin kansa sau biyu a gicciye, ka ɗauki matsayin kusurwoyi huɗu da GPS. Kuskuren GPS na hannu ko na waya yakan kai mita 3 zuwa 5, shi ya sa ƙaramin fili na mita 10 ba shi da amfani: da ka ɗan goce ka faɗa fiksel na maƙwabci. Sai ka gwada abin da ka auna da abin da hoto ya nuna, ka fitar da dangantakarsu, sannan ka shimfiɗa ta a kan sauran yankin.

Lokacin ɗaukar hoton shi ne rabin aikin. Gawo na zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Hoton watan Agusta hatsi da ciyawa zai nuna maka, gawon na tsaye tsirara a tsakiyarsu. Ka nemi hoton Disamba zuwa Fabrairu, bayan an yi girbi ciyawa ta bushe. Amma kada ka ɗauka duk koren rani gawo ne: aduwa, dogon yaro, goriba da lambunan fadama su ma suna kore, kuka kuwa a lokacin ta zube. Dole memwar ɗinka ya faɗi haka a fili.

In kana son komawa baya, Landsat ya fara tun 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbunsa kyauta. Akwai hotunan tauraron leƙen asirin Amurka mai suna Corona, na tsakanin 1960 da 1972, waɗanda aka saki a 1995. Masu kyan cikinsu fiksel ɗinsu kusan mita 2 ne, baƙi da fari, sai an zauna an daidaita su da taswira da hannu. Ka kuma karanta rahoton da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 a kan farfaɗowar itatuwa a Magarya, Matameye da Mirya. Juri ɗin, wato kwamitin malaman da za su tantance memwar ɗinka, in ya san yankin, zai tambaye ka shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na jera NDVI, ma'aunin koren tsiro a hoton tauraro, na wasu gonaki a Tanut daga 2018 zuwa 2024, sai na ga daga 2022 komi ya faɗi ƙasa gaba ɗaya, har da fadama. Fari ne, ko ni na yi kuskure? (Ɗaliba, Sabon Gari)

AMSA: Malama, kafin ki rubuta kalmar fari, ki duba lambobinki. Abin da ya faɗi ko'ina lokaci ɗaya, tudu da fadama, da wuya ya zama na ƙasa. Yawanci daga fayil yake.

Daga 25 ga Janairu 2022 hukumar sararin samaniya ta Turai ta sauya yadda take shirya hotunan Sentinel-2, ta ƙara 1000 a kan lambar kowane fiksel. Sai an cire 1000 ɗin sannan a raba da 10000 ake samun ainihin hasken da ƙasa ta mayar. Dubi ɓarnar da mantuwa ke yi. NDVI shi ne lambar zangon infirared na kusa (hasken da ido ba ya gani) a cire ta zangon ja, a raba da jimillarsu. In ja 2000 ne, infirared 3000, amsa 0.20. In ba a cire ƙarin ba sun zama 3000 da 4000, amsa ta koma 0.14. Gona ɗaya, rana ɗaya, amma kin "gano" lalacewar ƙasa. Kuma kada ki dogara da kwanan watan hoto, don an sake sarrafa tsofaffin hotuna da sabon tsarin. Ki buɗe fayil ɗin bayani mai suna MTD_MSIL2A.xml, ki nemi BOA_ADD_OFFSET. In da Google Earth Engine kike aiki, tarin da ke da HARMONIZED a sunansa an riga an gyara shi, kada ki sake cirewa.

Sauran wuraren da ake tuntuɓe: a Sentinel-2 ja zango na 4 ne, infirared na kusa na 8. A Landsat 8 da 9, na 4 da na 5. A Landsat 5 da 7, na 3 da na 4. Mai amfani da lissafi ɗaya ga dukansu shirme zai samu ba tare da kwamfuta ta yi ƙorafi ba. Hotunan Landsat na tari na biyu, mataki na biyu, ana ninka lambarsu da 0.0000275 a cire 0.2. Landsat 7 kuma wata na'urarsa ta lalace ranar 31 ga Mayu 2003, daga nan hotunansa suna da zane-zanen giɓi, kusan kashi 22 cikin 100 babu komi.

In duk wannan daidai ne, sai ki duba hazo. Ƙurar hunturu, wadda akasarinta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, tana rage NDVI, kuma tacewar gajimare ta kai-tsaye sau da yawa ba ta kama ta. Ki buɗe kowane hoto da idonki. Ki gwada wata da wata iri ɗaya, Satumba da Satumba. A ƙasa mai farin rairayi da tsiro jefi-jefi irin ta Tanut, ki lissafa SAVI ma, ɗan'uwan NDVI, da lambar gyaransa L a 0.5, don tana rage tasirin hasken ƙasa. Bayan nan ki kawo awon ruwan sama na tashoshin yankin ko na cibiyar AGRHYMET ta Yamai ki aza kusa da zanenki. In sun tafi tare, to ki yi maganar fari.

TAMBAYA: Allah ya gafarta malam. Na yi taswirar bunƙasar birnin Zinder da tabkunansa, manhaja ta ce ingancinta kashi 98 cikin 100. Amma da na duba, duwatsu sun zama gidaje, rabin Birni kuma ya zama fili. Yaya ke nan? (Ɗalibin nazarin ƙasa, Karkada)

AMSA: Ɗan'uwa, kashi 98 ɗin nan ba na taswira ba ne. Kusan tabbas da fiksel ɗin da ka koyar da manhaja da su ka sake gwada ta. Kamar a ba yaro jarrabawa da tambayoyin da aka yi masa bita jiya da amsoshinsu. Wuraren gwaji dole su zama daban, a zaɓe su ta hanyar ƙuri'a, a kalla 50 ga kowane aji (gida, dutse, fili, ruwa), kuma kada su fito daga fili ɗaya da na koyarwa, don fiksel da maƙwabcinsa kusan abu ɗaya ne. Ka je ka gan su da ƙafarka, ko ka tabbatar da su a hoto mai kaifi na shekarar. Sannan ka buga jadawalin ruɗani gaba ɗayansa, a ga wane aji ke shiga wane. Taswira mai kashi 82 da jadawali na gaskiya ta fi mai 98 daraja a gaban juri.

Zinder kuwa gari ne mai wahalar da manhaja. Ginin laka da ƙasar da aka ɗebo shi haske ɗaya suke mayarwa, shi ya sa soraye ke ɓacewa. Duwatsun garin suna kama da siminti da kwano mai tsatsa. Magani uku ne. Ka zana duwatsun da hannu ka fitar da su tun farko, tunda ba tafiya suke ba. Ka raba ajin gidaje biyu, na laka da na kwano, ka haɗe su a ƙarshe. Ka ƙara hoton rada na Sentinel-1, wanda bango da kusurwar gini ke haskawa a cikinsa ko da na laka ne.

Ga tabki, yi amfani da zangon kore da infirared mai gajeren zango, na 3 da na 11 a Sentinel-2, lissafin da ake kira MNDWI. Ruwan tabkunanmu jajaye ne da laka, lissafin da ya dogara da infirared na kusa yakan ɗauke su ƙasa. Zango na 11 fiksel ɗinsa mita 20 ne, don haka kududdufin da bai kai wannan faɗi ba kada ka yi alƙawarin ganinsa. Inuwar dutse na shiga ajin ruwa. Ruwan da bado ko kacalla suka rufe, kamar a gefen tabkin Gidimuni, yana fita daga ciki. A Agusta, lokacin da tabki ya fi cika, gajimare ne ke rufe hoto, sai rada, wadda ke ratsa shi ta nuna ruwa baƙi. Sai dai busasshen rairayi mai santsi shi ma baƙi yake fitowa. Mai aiki a wajen Gure ya kiyaye, kada tudun rairayi ya zama tabki.

Abu na ƙarshe: kada ka lissafa hekta alhali taswira na cikin digiri. Ka mayar da ita tsarin UTM mai awo da mita, yanki na 32 arewa, lambar EPSG 32632, wanda ya rufe digiri 6 zuwa 12 gabas. Zinder na wajen digiri 9. Wanda aikinsa ya kai garin Diffa ya shiga yanki na 33.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar labo ce, ina master. Ina ɗaukar hoton jinin masu zazzaɓin cizon sauro da waya ta madubi, ina so a koya wa kwamfuta gane ƙwayar cutar. Na tara hoto 3000 daga gilasan shafa jini 40. Sun isa? (Ɗiyarku daga Mirya)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. A wurin lissafi samfur 40 gare ki, ba 3000 ba, kuma wannan ne abu na farko da mai tantance takarda zai kama. Hotuna 75 na gilashi ɗaya rini ɗaya ne, jini ɗaya, hannu ɗaya. In kika gauraya su kika raba kashi 80 koyarwa, 20 gwaji, kwamfuta za ta haddace launin gilashi ne, ta ba ki sakamako mai ban sha'awa, ta gaza ranar da aka kawo mata na wata labo. A raba bisa mutum: duk hotunan majinyaci ɗaya su tsaya gefe ɗaya. Gara gilashi 200 da hoto 15 kowanne, daga watanni daban-daban da hannun ma'aikata daban-daban, da marasa cutar da yawa a ciki.

Wajen ɗauka, waya sai da maɗauri a bakin madubi, ba riƙon hannu ba. Ruwan tabarau na 100 da mai, na ido na 10. Ki kulle fokas, haske da daidaiton fari, ki kashe duk wani gyaran hoto na kai-tsaye, kada ki zuƙo da yatsa. Ki ɗauki hoton gilashin awo mai layukan mikromita sau ɗaya da wannan tsari, don ki san fiksel nawa ne mikromita ɗaya. Manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, za ta sa miki sandar awo. Ki rubuta rinin Giemsa da kika yi: kashi 10 cikin 100 na minti 10 zuwa 15, ko kashi 3 na minti 45 zuwa 60, da ruwa mai pH 7.2. In pH ya kauce launi ya kauce, rinin da ba a tace ba kuma yana barin ɗigo-ɗigo masu kama da ƙwayar cuta. Kada hoto ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi ya share ƙananan abubuwan da kike nema. Waya zuwa kwamfuta da igiya.

Gaskiyar da za a gwada kwamfuta da ita ita ce karatun ƙwararru biyu da ba su ga amsar juna ba, na uku ya raba gardama. Ƙirgar da aka saba a gilashin da aka shafa jini da kauri: ƙwayoyin cuta a kan farin jini 200, a ninka da 8000 a raba da adadin farin jinin da aka ƙirga, a samu yawansu a mikrolita. Wajen bayar da sakamako kada ki tsaya a "inganci kashi kaza". In 95 cikin gilasai 100 ba su da cuta, na'urar da ke cewa "babu" kullum ta ci kashi 95. Ki faɗi kashi nawa na masu cutar ta kama, kashi nawa na marasa cutar ta wanke, sannan ki ware sakamakon masu ƙarancin ƙwayoyi, don nan ne ake faɗuwa.

Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ana nemanta kafin a fara, ba bayan an gama ba. Manyan taruka da mujallu na tambayarta. Lamba za ki sa a gilashi, ba suna ba. Masu aiki da hoton rediyo ko sikana su sani fayil ɗin DICOM, wanda na'urorin asibiti ke ajiye hoto a cikinsa, na ɗauke da sunan majinyaci, ranar haihuwarsa da sunan asibiti a cikinsa, sauya sunan fayil ba ya goge su. Hoton eko, wato na duban ciki da sauti, kuwa sau da yawa sunan a jikin hoton yake rubuce, sai an yanke.

TAMBAYA: Malamai, wane taro ya kamata ɗalibi daga nan ya nema, kuma yaya ake rubuta rezime, wato taƙaitaccen bayanin aiki, da za a karɓa? (Ɗalibai uku suka aiko irin wannan)

AMSA: Ku fara da gida. Ranakun kimiyya na sashenku a Jami'ar André Salifou, ko na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, nan ne za a yi muku tambaya mai zafi ba ku biya kuɗin jirgi ba. Sai ranakun kimiyya na CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da ke da mazauni a Wagadugu, inda Faransanci ya wadatar.

Ga masu hoton tauraro, ƙungiyar Afirka ta AARSE, wadda aka kafa a 1992, tana taro duk shekara biyu. Ta yi a Kampala a 2016, a Iskandariya a 2018. Mu a ganinmu ita ta fi dacewa da fitar farko, don masu sauraro sun san Sahel. Babban taron duniya shi ne IGARSS na ƙungiyar IEEE, duk shekara, galibi a Yuli, kuma ana rufe karɓar takardu tun wajen Janairu. Akwai na ISPRS duk shekara huɗu. Ga hoton lafiya, MICCAI ne kan gaba, wanda ya fara zuwa Afirka a Oktoba 2024 a Marrakesh. Shiga babban zaurensa na da wuya ƙwarai, amma yana da ƙananan bitoci a gefe da suka fi sauƙi ga ɗalibi. Waɗannan ukun da Ingilishi ake yinsu. IGARSS da MICCAI na ba ɗalibai tallafin tafiya, sai dai nemansa na da tasa ranar rufewa daban, kuma da yawa a nan suke makara.

Rezime yawanci kalma 250 zuwa 300 ne, ko da yake wasu tarukan cikakkiyar takarda mai shafuka suke so. Ku karanta kiran taron ku yi amfani da samfurinsu. Jimla biyu kan matsala, a wane wuri. Sannan kayan aiki dalla-dalla: wane tauraro ko madubi, waɗanne shekaru, samfur nawa. Sannan hanya. Sannan sakamako da lamba. Abin da ya fi jawo ƙi shi ne rabin shafi kan "canjin yanayi na barazana ga duniya", a ƙarshe a ce za a gabatar da sakamako a taro. Mai tantancewa na da tarin takardu a gabansa, lambar yake nema da yadda aka tabbatar da ita. Kuma kada ɗalibi ya aika komi malaminsa bai karanta ba, balle ya sa sunansa bai sani ba. Wannan na ɓata zumunci fiye da yadda kuke zato.

TAMBAYA: An aiko mini da imel cewa an zaɓe ni in yi jawabi a wani taron ƙasa da ƙasa a Dubai, in biya kuɗin rajista cikin kwana biyar. Ban taɓa aika musu komi ba. In biya? (Ɗalibin doktora, Zongo)

AMSA: Kada ka biya. Taron kirki ba ya zaɓar wanda bai nema ba. Alamomin na bogi a bayyane suke: taro ɗaya ya haɗa likitanci, noma, injiniyanci da kasuwanci, ana karɓar takarda cikin kwana biyu, babu wata sananniyar ƙungiyar masana ko jami'a a bayansa, sunan ya yi kama da na wani babban taro da sauyin harafi ɗaya. Ka nemi takardun taronsu na bara ka ga ko akwai. Ka zaɓi mutum ɗaya cikin kwamitin da suka jera, ka rubuta masa ta adireshin jami'arsa ka tambaye shi ko ya san da zancen. Bayan asarar kuɗi, akwai ta biyu: sakamakon da ka buga a irin wannan wuri mujallar kirki na iya ƙin karɓarsa, ta ce an riga an buga.

TAMBAYA: Alhamdu lillahi an karɓi aikina a matsayin fosta, wato babbar takardar bayani da ake kafawa a zauren taro. Ban taɓa yi ba. Me zan kiyaye? (Ɗaliba daga Birni)

AMSA: Barka, Allah ya sa albarka. Kada ki ɗauki fosta a matsayin ta baya. Mai jawabi minti 12 yake samu da tambaya biyu ko uku, ke kuwa awa guda ko fiye za ki yi da mutanen da suka tsaya don aikinki ya ja su.

Ki fara duba girman da suka ce, da tsaye ne ko kwance. Wanda aka fi yi A0 ne, milimita 841 a kan 1189. Ki saita wannan girman tun kafin ki sa komi, ba ki yi a A4 ki ce mai bugawa ya faɗaɗa ba. Take da harafi mai girman 80 zuwa 100, rubutun ciki 28 zuwa 32, kada komi ya gaza 24. Kalmomi kada su wuce 500 zuwa 600. Taswira ko hotonki mafi muhimmanci ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na fili, a daidai tsayin ido.

Tunda aikinki hoto ne, a hoton za a auna ki. Ki fitar da shi daga manhajar taswira QGIS ko ImageJ kai-tsaye, aƙalla ɗigo 150 a inci a girman da za a buga. Hoto mai faɗin santimita 40 na bukatar fiksel wajen 2400. Hoton allo da aka ɗauka da maɓalli zai farfashe. Kowace taswira da sandar awo, alamar arewa, ma'anar launuka, sunan tauraro da kwanan wata. Rubuta "1:50000" ba shi da amfani, da an sauya girma ya zama ƙarya, sandar kuwa tare da hoton take girma. In kina gwada shekara biyu, ma'aunin launi ya zama ɗaya a duka biyun. In manhaja ta miƙe kowanne da kanta, sauyin da ido ke gani na ƙarya ne. Ki guji ja da kore kusa da juna, akwai maza da dama da ba su bambanta su. Ki sa ƴar taswirar Nijar a kusurwa da alamar wurin aikinki, don mai zuwa daga Japan bai san ina Magarya take ba. Hoton fili guda ɗaya, na gona ko tabkin kamar yadda yake a ƙasa, yana tsayar da mutane fiye da kowane jadawali.

Ki ajiye ta PDF, ki buga gwaji a A4: in ba ki iya karanta shi a nisan hannu, babbar ma ba za ta karantu daga mita biyu ba. Wasu tarukan na da wurin bugawa a garin, ki tambaya, ya fi ɗaukar bututu daga Zinder zuwa Yamai a mota sannan jirgi. Bugun kan ƙyalle ana ninke shi cikin jaka. Fayil ɗin ya kasance wuri uku: kwamfuta, kile na USB, da imel ɗinki.

Ki shirya bayani iri biyu, na minti ɗaya da na minti huɗu, ki maimaita su da ƙarfi a gaban abokan karatu da harshen taron. Tambayoyi uku ba sa kuskure zuwa: yaya kika tabbatar a ƙasa, me ya sa wannan hanya ba waccan ba, ina ne aikin ya kasa. Ta ukun ki amsa ta kai-tsaye, ki ma ware mata ɗan akwati a jikin fostar. In aka tambayi abin da ba ki gwada ba, ki ce ba ki gwada ba, ki rubuta sunan mai tambayar da adireshinsa.

Takardun tafiya kuwa yau za ki fara: wasiƙar gayyata daga masu taro, wasiƙar jami'a, fasfo mai sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara, da neman biza in ƙasar na bukata. Rajistar ɗalibi ta farko-farko ta fi araha, kuma a taruka da yawa in mai aikin bai yi rajista kafin ranar da aka sa ba, ana cire takardarsa daga jadawali.